"Was coughing" ko "had been coughing": wane aiki ne ya riga wani?

Ɗalibar Jinya:

Assalamu alaikum. Ina gaida iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya, yanzu haka muna zagayen sanin makamar aiki a wani asibiti, kuma cikin abin da aka ɗora mana har da rubuta tarihin marasa lafiya da Turanci. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya.

An kawo wata mata da za ta kai shekara arba'in, tana fama da tari, ga ƙuraje sun feso mata a wuya da hannuwa. Da muka tambaye ta, sai ta ce: "Ai na yi sati uku ina tarin nan kafin in zo. Maƙwabciyata ce ta ba ni wani jiƙo, ina cikin shan sa, kwana na biyar, sai ƙurajen suka fito." Mun fahimce ta sarai. Da aka zo rubutu, abokiyar karatuna ta rubuta: "She was coughing for three weeks and she took herbal medicine when the rash appeared." Sistar da ke kula da mu ta karanta, ta ja layi a kai, ta sake rubutawa da hannunta: "She had been coughing for three weeks before she came to the clinic. She had been taking a herbal mixture for five days when the rash appeared." Ta ce na farkon ya birkita labarin. Ba ta samu sararin yi mana bayani ba, don layin marasa lafiya ya kai har baranda.

To me "had been" da "-ing" suka ƙara wanda babu a jimlar farko? A sakandare an koya mana sunan abin, "past perfect progressive", mun haddace yadda ake haɗa shi, mun ci jarrabawa, amma ba a taɓa nuna mana inda rashinsa zai sauya ma'ana ba. Sannan yaushe zan ce "has been", yaushe zan ce "had been"? Don Allah a yi mini bayanin da Hausa, na karanta na Turancin har na gaji bai zauna mini ba.

Tsohon Malamin Turanci:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Allah ya yi miki albarka, ya ba baiwar Allahn nan lafiya.

Sistarku ta yi daidai, kuma ba gyaran ƙawa ta yi ba. Bar zancen tarin tukuna, dubi rabin jimlar na biyu: "she took herbal medicine when the rash appeared". Likitan da bai ga matar ba, takarda kawai aka miƙa masa, abin da zai fahimta shi ne ƙuraje suka fito, sai ta nemi jiƙo ta sha don ta magance su. Haka Turanci yake tafiya. Idan aka kawo aikatau biyu irin su "took" da "appeared", aka ɗaure su da "when", mai karatu zai ɗauka na jikin "when" ɗin ne ya fara aukuwa, ɗayan ya biyo bayansa. Matar nan kuwa ba haka ta gaya muku ba. Jiƙon ya riga ƙurajen da kwana biyar. Kin fi ni sanin abin da wannan ke nufi a wurin likita: in jiƙo ne gaba, shi zai fara tuhuma, ya ce a dakatar da sha, a kawo masa ragowar ya gani. In ƙuraje ne gaba, zai wanke jiƙon daga zargi ya tafi neman sababi wani wuri. Kalmomi uku ne suka tsare wannan jeri, "had been taking".

Sa'ad da nake shiga aji, abin da nake fara gaya wa yara shi ne wannan siga ba ta zama ita kaɗai, sai an kafa mata turke. Turken shi ne wani abu da ya faru a baya a sanannen lokaci: ranar da matar ta zo asibiti, ko safiyar da ƙurajen suka fito. Daga jikin turken sai igiya ta miƙe ta yi baya, igiyar ita ce aikin da aka ɗauki lokaci ana yi har aka iso wurin. "She had been coughing for three weeks" igiya ce. "Before she came to the clinic" shi ne turke. Idan kika rubuta "had been" da "-ing" ba ki kafa turke ba, ko a cikin jimlar ko a waɗanda suka gabace ta, mai karatu zai tsaya yana jira, don a kunnensa maganar ba ta dire ba. Ta yi ta tari har zuwa yaushe? Har me ya faru?

Abin da ke ba mu wuya mu Hausawa a nan ba ƙarancin fahimta ba ne, kada wani ya gaya miki haka. Ginin harshenmu ne daban. Dubi lokaci mai ci na Hausa. Za ki ce "yanzu tana tari", ki ce "jiya da na shiga tana tari", ki ce "gobe war haka tana kan hanya". Wannan "tana" ko gezau ba ta yi ba, jiya da yau da gobe duk kamanninta ɗaya. Abin da take nunawa kawai shi ne aiki na gudana, zancen yaushe kuwa mun bar wa wasu kalmomi. Haka daɗewa da rigaye, muna da kayan aikinsu birjik: "ta yi sati uku tana", "ta daɗe tana", "tun safe take", "ko da na iso", "kafin nan", "da ma". Ai kin ji yadda matar ta jera muku labarin tsaf ba tare da ta yi tunani ba: na yi sati uku ina tari kafin in zo. Shi kuwa Turanci kan aikatau yake ɗora wannan nauyi. To sai ɗalibi ya ji "tana tari", ya ce ai "was coughing" ne, ya liƙa masa "for three weeks" a ƙarshe, ya ɗauka ya gama. Ya ɗauko "tana" ya tsallaka da ita, ya bar "ta yi sati uku" da "kafin" a baya.

Haɗin kansa ba wuya. Siga biyu aka gwama. "Had" da siga ta uku ta aikatau (irin su "taken" da "written") na nuna abu ya riga wani abu. "Be" da "-ing" na nuna aiki mai gudana. Da suka haɗu sai "be" ya koma "been" saboda "had" da ke gabansa. Kuma ko wa ake magana a kai, I, she, they, duk "had been" ne.

Bari in fita daga asibiti in kawo miki abin da ke cikin tarihi. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya zaga ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya kuma yi rubutu mai yawa kan saƙa da rini da cinikin tufafi na birnin. In na ce "Kano dyers were working at their pits when Barth arrived in 1851", na gaya miki ya tarar da marina a karofi suna aiki, shi ke nan. Jimlar ba ta ce komai kan jiyansu ba, tana iya yiwuwa ma a ranar suka fara. In kuwa na ce "Kano dyers had been working at their pits for centuries when Barth arrived in 1851", to na tsaya a 1851 na waiwaya. Karofin Ƙofar Mata, yadda ake faɗa, tun 1498 yake, kin ga an haura shekara 350 ana tsoma zane a baba kafin baƙon ya iso. Ga wani kuma. Yaƙin basasar Najeriya ya fara a Yulin 1967, ya ƙare a Janairun 1970: "The two sides had been fighting for thirty months when the war ended." Ki lura da abu ɗaya tsakanin misalan nan biyu. A na yaƙi, aikin ya tsaya a jikin turken. A na rini bai tsaya ba, har yau ana yi a Ƙofar Mata. Siga ɗaya ce ta ɗauki duka biyun, domin ba ruwanta da abin da ya faru bayan turke. Aikinta ta gaya miki abin da ake ciki kafin a iso shi. In kina son a san ko tarin ya tsaya ko bai tsaya ba, sai ki ƙara wata jimla ki faɗa.

Tambayarki ta biyu amsarta gajeriya ce: dubi inda turken yake. In matar na zaune gabanki yau, tarin bai sake ta ba, kina rubuta abin da ya kawo ta, to turken yau ne: "She has been coughing for three weeks." In kuma bayan wata guda ne kike rubuta rahoton abin da ya faru, ko ana tura ta wani asibiti kina ba da labarin ranar da ta fara zuwa, turken ya koma baya: "She had been coughing for three weeks when we first saw her." Shi ya sa za ki buɗe fayil ɗaya ki ga duka biyun, kuma babu kuskure a ko ɗaya. Sai dai ki kula da adadin nan na sati uku kada ya faɗi a hanya, tunda ku kuka san tarin da ya kai sati biyu gwajin tarin fuka ake tura mai shi.

Akwai wani amfani nata da littattafan makaranta ba su cika tsayawa a kai ba, ni kuwa shi na fi so, kuma a aikinku zai yi miki rana. Shi ne inda ba ki ga aikin ba, sawunsa kika gani. "When I entered the ward her eyes were red. She had been crying." Ba ki same ta tana kuka ba, ta riga ta share hawaye, idanun ne suka tona. Da "She was crying" aka ce, to hawayen na zuba a gabanki. Mu za mu ce da gani ta sha kuka. Haka in kin zo duba mara lafiya da asuba kika tarar da rigarsa sharkaf: "His shirt was soaked. He had been sweating all night." Jimla ta farko abin da ido ya gani, ta biyu abin da ya haifar da shi. A nan ma jeri ne, sai dai an fara kawo na ƙarshe sannan aka koma na farko, kuma "had been" ce ta hana mai karatu rikicewa.

Mai Fassara:

Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, bayani ya fita. Ni aikina fassarar labarai ne tsakanin Turanci da Hausa, kuma ina so in ja hankalin ƙanwata ta ɗaya ɓangaren. Na sha ganin mutum da zarar ya gane wannan siga sai ya bi ya cika rubutunsa da ita, ko'ina "had been", har karatun ya yi nauyi.

A ganina rabin farko na jimlar abokiyarki ba shi ne babban laifin ba, da ma ta sa "before". Turawa kansu, musamman Amurkawa, in suna hira za ki ji an ce "I was waiting for an hour before he came", ba wanda zai ce bai gane ba, domin "before" ta riga ta jera ayyukan. A rubutun aiki da na jarrabawa ne ake son a ga "had been waiting". Inda babu sassauci shi ne wurin "when", don ita ba ta faɗin wanda ya riga wani, sai dai aikatau ya faɗa. A nan na yarda da Baba Malam ɗari bisa ɗari.

Abin da ya fi cin mutane a wurin aikinmu shi ne rarrabe "had written" da "had been writing". Duka biyun waiwaye ne daga wani lokaci da ya wuce, amma ba abu ɗaya suke kallo ba. "By noon the nurse had written six reports": an ƙirga, shida sun kammala, ga su a kan tebur. "By noon the nurse had been writing reports for four hours": ba a ƙirga takardu ba, awoyi aka ƙirga, ko nawa ta gama oho. Saboda haka in tambayar "guda nawa" ce ko "sau nawa", ki bar "-ing". In "tun yaushe" ce ko "tsawon wane lokaci", ki kawo ta. Ko ki ɗauki mai gyaran janareta. "He had repaired the generator" na nufin ya tashi, wuta ta kawo. "He had been repairing the generator" na nufin kin gan shi hannu duk baƙin mai, sifana a ƙasa, amma ko injin ya tashi ko bai tashi ba, jimlar ta yi shiru. Mai fassara in ya mayar da ta biyun "ya gyara janareta" ya ƙara abin da ba a faɗa ba, kuma irin wannan a labarin kotu ko na bincike ba ƙaramin abu ba ne.

Sannan akwai aikatau da ba sa karɓar "-ing" a irin wannan wuri, waɗanda ke nuna hali ko yanayi ba motsi ba: know, own, belong, understand da 'yan uwansu. Ba a cewa "They had been knowing each other", sai "They had known each other for years". An saki Nelson Mandela ranar 11 ga Fabrairun 1990 bayan shekara 27 a tsare, amma abin da za ki gani a rubuce shi ne "He had been in prison for 27 years when he was released". Akwai turke, akwai daɗewa, babu "-ing". Wannan bai kamata ya zame mana baƙo ba, mu ma "na san shi tun muna yara" muke cewa, ba "ina sanin shi" ba.

Inda za ki fi haɗuwa da ita kullum kuwa shi ne wurin ba da rahoton maganar wani. Mutane sun ce "We have been waiting since morning", ɗan jarida zai rubuta "They said they had been waiting since morning". Mutum ya ce "I was sleeping", a rubuta "He said he had been sleeping". Mu a Hausa ba ma taɓa aikatau: tun safe muke jira, sun ce tun safe suke jira. Tarihin mara lafiya kuwa rabinsa "ta ce" ne da "ya ce", don haka hannunki zai saba da "She said she had been taking" ko ba ki nema ba.

Ɗan Damagaram:

Salamu alaikum jama'a. Malam, ina gaisuwa da fatan an wuni lafiya. Ni da Faransanci na yi lakwal a nan Damagaram, Ingilishi sai daga baya na koye shi saboda harkar kaya da nake yi tsakanin nan da Kano. Da na karanta bayanin Malam sai na ga a wannan wuri Faransanci ma ya fi kusa da Hausa. Ba shi da wata siga ta musamman da ya ware wa wannan aiki. Cewa ake yi "Elle toussait depuis trois semaines quand elle est venue". "Toussait" ɗin nan daidai take da "tana tari" a lokacin da ya wuce, sai "depuis" ta ɗauki nauyin daɗewar.

Shi ya sa mu da muka biyo ta Faransanci za ka ji mun ce "She was coughing since three weeks", kuskure biyu a jimla ɗaya. Na aikatau Malam ya gama da shi. Na biyun shi ne "depuis" kalma ɗaya ce, Ingilishi kuwa ya raba ta biyu. "Since" na son mafari: since Monday, since morning, since 2019. "For" na son adadi: for three weeks, for two hours. Ƙanwata, hanyar da ta fisshe ni ita ce in koma Hausa ba Faransanci ba. Inda zan ce "tun Litinin", since ce. Inda zan ce "ta yi sati uku", for ce.

Sai kuma kunne. In suna magana ba sa furta "had" cikakkiya, haɗiye ta suke yi: "I'd been waiting", "she'd been taking". Wanda bai saba ba zai ji kamar "I been waiting". Kuma wannan 'd ɗin tana iya zama "would". Abin da ke bayanta ne zai raba gardama: in "been" ce, had ce, an riga an ɗauki lokaci ana jiran. In "be" ce, kamar "I said I'd be waiting", would ce, jiran na gaba ne a lokacin da aka yi maganar. Ga ɗan kasuwa da ke sauraron saƙon murya a WhatsApp kan zancen mota da kaya, wannan bambanci kuɗi ne.

Ɗalibar Jinya:

Baba Malam, Yaya Mai Fassara, Yaya na Damagaram, Allah ya saka da alheri, ya biya ku da gidan Aljanna. Na kwafe bayanan na tura wa 'yan ajinmu.

Ina da ƙari kan korewa. Maganin tarin fuka wata shida ake sha ba fashi. Idan aka dawo da mutum jiki ya rikice, 'yan uwansa suka ce yau ya sha gobe ya bari, haka ya yi ta yi wajen wata biyu, daidai ne in rubuta "He had not been taking his drugs regularly for two months before he was readmitted"? Ko "He had not taken his drugs" ya fi? Kuma in zan yi tambaya da Turanci, yaya zan juya ta?

Ɗan Aji Shida:

Assalamu alaikum Baba. Ni WAEC zan rubuta bana. A insha'in labari na rubuta "When I reached the market I discovered that my phone had being stealing", malaminmu ya zagaye ta da jan biro bai rubuta komai ba. Abokina ya ce "had been stolen" ne. Shin ita ma wannan lokacin ne da kuke magana a kai? Kuma sau nawa ya kamata in sa shi a labari don in sami maki?

Tsohon Malamin Turanci:

'Yata, jimlarki daidai take, kada ki taɓa ta. "Had not been taking" ta dace da abin da 'yan uwan suka faɗa, wato ɗabi'a ce da ta ɗauki lokaci, ana sha ana fashi, kuma "regularly" ta fito da hakan. "He had not taken his drugs" kuwa kai tsaye take yanke magana: bai sha ba. Ita za ki ɗauka in na safiyar ranar ne ya tsallake, "He had not taken his drugs that morning", ko in ya ajiye maganin gaba ɗaya, "He had not taken his drugs for two months". Kin ga mutum biyu ne daban, mai sha da fashi da wanda ya daina ɗungum, kuma likita zai so ya san da wanne yake magana. Wajen tambaya "had" ce kawai ke tsallakowa gaban mai aikin, sauran su zauna inda suke: "How long had he been taking the drugs before he stopped?" Ko "Had she been eating well before the fever started?"

Na kuma ji daɗin abin da Mai Fassara ya kawo kan "before" da "when". Gaskiya ne a baka ana sassautawa. Ni dai a fayil ɗin mara lafiya ba zan sassauta ba, domin wanda zai karanta shi da tsakar dare ba zai sami marubuciyar ya tambaye ta me take nufi ba.

Kai kuma ɗana, abokinka ya yi gaskiya, amma "had been stolen" ba wannan lokacin ba ne, kama kawai suka yi ta gaba. Dubi kalma ta uku. In ta ƙare da "-ing", mai aikin ne ake magana a kansa, kuma ya ɗauki lokaci yana yi: "The boy had been stealing phones for months before he was caught", yaron ya yi watanni yana satar wayoyi kafin a kama shi. In kuwa siga ta uku ce, stolen, broken, taken, to wanda aka yi wa aikin ne a gaba: "My phone had been stolen", an riga an sace wayar kafin ka farga. Yadda ka rubuta, ka mayar da wayar ita ce ɓarauniyar. Sannan "being" ba ta bin "had" ko "has" ko "have". Bayan waɗannan uku "been" ce kullum, ba "being" ba. Wannan kuskure ya yi yawa a rubutun ɗalibanmu har da na manya a ofisoshi, saboda a bakinmu kalmomin biyu kusan sauti ɗaya muke ba su, kuma masu duba takarda ba sa yafe shi.

Zancen sau nawa kuwa, ba a ba da maki don an ƙirga "had been". Labari da shuɗaɗɗen lokaci na kai tsaye ake tafiyar da shi: I reached, I searched, I shouted. Sai inda kake son ka dakata ka gaya wa mai karatu abin da ake ciki kafin wannan lokacin, nan za ka kawo ta, jimla ɗaya ko biyu, ka koma kan hanyarka. A labarinka ga wuraren da take da gurbi. Wayar nan yaya aka yi ka same ta? "I had been saving for a year to buy that phone." Wa kake zargi? "Then I remembered the man in the blue cap who had been standing behind me at the bus stop." Ka ga ta farko ta sa mai karatu ya ji zafin asarar, ta biyu ta mayar da shi tasha ya ga ɓarawon da kai ba ka lura da shi ba a lokacin. Bayan nan sai ka ci gaba da "I ran back", "I asked the driver".

Sake rubuta sakin layin gaba ɗaya, daga isarka kasuwa har inda ka koma tasha, ka kawo shi nan in duba maka kafin ka kai wa malaminku.